Ofishin da Ba a Cewa Dawo

Ranar Asabar da ta wuce, a wajen wata walimar suna a Whitechapel, nan London, wasu samari da 'yan mata masu digiri na biyu suka kewaye ni suna tambaya wai har yanzu ina aikin nan nawa na rubuta wa mutane wasiƙa. Na ce ina yi. Wata mai gilashi a cikinsu ta ce, "Amma Anti Ladi, ai yanzu it's easy. Kina da offer biyu, ki yi screenshot na babbar ki tura wa ƙaramar, ki ce su yi match. Minti biyar an gama." Sauran suka gyaɗa kai. Na ce Allah ya yi mata albarka, ashe shekara ashirin da ɗoriya na yi ina aikin minti biyar ban sani ba. Na buɗe baki zan yi bayani sai aka shigo da shinkafa, kowa ya watse. Shi ya sa na zauna na rubuta, in kun ƙoshi sai ku karanta.

Ga aikin a taƙaice. Ɗalibi ya nemi gurbin digirin digirgir, jami'o'i biyu sun ɗauke shi. Ɗaya ta ba shi tallafi mai kauri, ɗaya kuma ita yake so amma tallafinta ba zai kai shi ko'ina ba. Nawa shi ne in sa wadda yake so ta ƙara, ba tare da ya rasa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Wannan rabin na ƙarshe shi ne sana'ar. Rabin farko kam ko ku kun iya.

Ban koye shi a waya ba. Na biyo maigidana ne da ya sami aikin asibiti a nan, na gaji da zaman flat ina kallon ruwan sama ta taga, na sami aikin akawu a ofishin manyan digiri na wata jami'a da ba zan faɗi sunanta ba. Shugabata wata dattijuwa ce 'yar Ireland, Misis Maureen, wadda ta fi yawancin farfesoshin wurin daɗewa, ta kuma fi su sanin inda kuɗi ke kwana. Aikin da ta fara ba ni shi ne buɗe wasiƙun ɗaliban da aka ɗauka in rarraba su a tire uku. Tire na farko na masu godiya, na biyu na masu kuka, na uku na masu barazana. Can gefe kuma akwai wani siririn fayil shuɗi wanda ba na taɓawa, ita kaɗai ke saka takarda a ciki. Wata shida ina wannan rabon kafin ta bar ni na leƙa shi.

Mutanenmu a tire na farko suke cika, har yana ambaliya. Ba na manta wasiƙar wani bawan Allah daga Katsina, shafi uku cur. Ya gode wa farfesa, ya gode wa iyayen farfesa da suka haife shi, ya yi wa jikokinsa addu'a, ya ce ko a tsaye za a koyar da shi ya yarda, a layin ƙarshe ya karɓi gurbin. Bayan mako biyu, da ya tambayi kuɗin hayar ɗaki a London ya ji amsa, sai ga wata wasiƙar, wai yana da wani tayin daga wata jami'a, ko za a duba lamarinsa. Na kai wa Maureen ina rawar jiki, don ɗan gida ne. Ta karanta ta miƙo mini ta ce, "Ladi, ya riga ya ce ya yarda. Mutum ya ce ya ƙoshi, ya wanke hannu, wa zai sake zuba masa?" Wasiƙar ta koma tire na biyu.

Masu kuka ba su da laifi, gaskiya suke faɗa, sai dai kwamitin rabon tallafi ba shi da layin da ake cike marayu da tsadar rayuwa a fom ɗinsa. Masu barazana kuwa su ne abin dariyar ofis lokacin shan shayi. Yaro bai taka ƙasar ba tukuna, yana rubuto wa jami'ar da ta girmi kakan kakansa cewa ya ba ta kwana uku. Maureen takan ɗaga irin wannan wasiƙa ta ce a ajiye biskit, a yi shiru na minti ɗaya saboda babban rashin da za mu yi.

Ranar da na buɗe shuɗin fayil na ji haushi, don na zaci zan ga wata hikima. Wasiƙu ne gajeru, wasu ba su kai tsawon tafin hannu ba. Kowace tana cewa abu huɗu. Ku nake so, kuma ga dalili a jimla ɗaya. Ga takardar ɗaya jami'ar na haɗo. Ga ainihin giɓin da ya hana ni amsa muku. Ga ranar da dole in ba su amsa, shin akwai abin da za ku iya yi kafin nan? Ba kuka, ba cika baki, kuma tambaya ce ake yi, ba umarni ba. Waɗannan su ne Maureen ke ɗauka da hannunta ta hau bene ta ajiye a gaban kwamiti. Ko a cikinsu ma ba kowa ke samu ba. Labarin da kuke karantowa a waya na Amurka ne, can jami'o'i suna da abin wasa da shi. A nan ɗan abin da ake ajiyewa don irin wannan buƙata bai taka kara ya karya ba, kuma kafin bazara ta yi nisa ya ƙare.

Kayan aikina huɗu ne, ba su canza ba tun lokacin. Kalandar bango, jan biro, firinta, da rula. Kuna dariyar rular, na sani. Wata likitar dabbobi daga Zariya ta taɓa zuwa mini bayan an riga an yanka rago a gidansu, wai ta sami cikakken tallafi, tana son in taya ta neman ɗaki ne kawai. Na ce ta buga mini takardar. Na ɗora rula a kan layin farko na riƙa saukowa da ita layi-layi, yadda Maureen ta koya mini, don ido yana tsallake abin da zuciya ba ta so. A shafi na biyu rular ta tsaya. Za su biya kuɗin makaranta duka, amma a farashin 'yan ƙasa. Farashin baƙi irinmu ya ninka wancan har da ɗori, kuma ragowar a wuyanta take. Ta karanta takardar nan a waya ya fi sau goma, a cewarta, ba ta taɓa ganin layin ba. Allah ya taimake ta ba ta danna maɓallin amincewa ba tukuna, kuma tana da wani tayin a Scotland. Muka rubuta, muka jira mako uku, aka yafe mata ragowar. Ragon dai bai mutu a banza ba.

Rula ce ke nuna maka tallafin na shekara uku ne ko huɗu, ko alawus ɗin da ya yi kama da dukiya a wani ƙaramin gari zai biya ɗaki a London, ko an ɓoye maka aikin koyarwa na dole a cikin yarjejeniyar. Kalanda kuwa ita ce uwar aikin. Kowane tayi yana da wa'adi, kuma wa'adin Bature ba irin na tela ba ne. In aka ce Juma'a ƙarfe sha biyu, to sha biyu da minti ɗaya kwamfuta ta rufe ƙofa, kuma ba ta da ƙanin uba da za a aika ya ba ta haƙuri.

Sai kuma sanin wa ke riƙe da kuɗin. Ku duka kun ɗauka farfesa ne. Wani uba ya taɓa aiko da kilishi ƙunshi guda a kai wa farfesan ɗansa, a gaya masa a gyara wa yaro. Farfesan ba ya ma cin nama, kuma dokar wurin ta sa sai da ya cike fom ya bayyana cewa an ba shi kyauta. Mu 'yan ofis muka cinye, Allah ya saka wa uban da alheri. Farfesa yana iya sa baki, amma kwamiti ke yankewa, kuma sakatariya ce ta san ranar da kwamiti zai zauna, da abin da ya rage a asusu, da wanda ya janye jiya kuɗinsa ya dawo. Ku gaishe da sakatariya da sunanta. Kada kuma ku yi mata ƙarya. Duk shekara sai na sami mai wayon da zai ce in taya shi ƙirƙiro tayi na biyu, tunda ga firinta. Matan ofisoshin nan sun san juna, suna haɗuwa a taro, suna aika wa juna katin Kirsimeti. Kiran waya ɗaya ne tsakaninka da tonon asiri.

Da Maureen ta yi ritaya na ƙara 'yan shekaru, ni ma na ajiye, na kafa tebur a bayan shagon Baba Issaka a Deptford, tsakanin kwalayen doya da galan-galan na manja. Mutumin zangon Kumasi ne, ya ba ni wurin don matarsa ƙawata ce. Shi ne ya zama mai gadin ƙofata ba tare da an naɗa shi ba. Sai ka ji ya leƙo ya ce, "Hajiya, customer naka ya zo. Wannan yarinya ya kawo file babba, yau ba ka cin abinci." A teburin nan na yi shekarun da na fi jin daɗin aikin, a nan kuma na ga muguwar shekara.

Ita ce shekarar da naira ta faɗi warwas, iyayen da ke biya wa 'ya'yansu suka kasa, jami'o'in nan su ma suka tsuke bakin aljihu. Wasiƙun da a da ake amsa mini da alheri suka riƙa dawowa da haƙuri. Kowane gurbi mai tallafi akwai dogon layi a bayansa na masu jiran wani ya yi tuntuɓe. A cikin wannan yanayi Musbahu ya zo mini.

Mai ilimin haɗa magunguna ne daga Kano. Ya gama digiri na biyu a nan, yana aiki a gidan kula da tsofaffi, yana zaune a ɗaki ɗaya a Catford da matarsa da 'yarsu mai rarrafe. Bizarsa za ta ƙare da kaka. In bai sami gurbi mai tallafi ba, sai haɗa kaya, karatun da ya shekara goma yana buri kuma ya tafi ke nan. Amma yaron nan, a shekarar da mutane ke neman tayi ɗaya ruwa a jallo, shi biyu ya zo da su. Wata jami'a a arewacin Ingila ta ɗauke masa komai, kuɗin makaranta da alawus. Wata a nan London ta ba shi alawus, ga farfesar da ke bincike a kan ainihin abin da yake so, wato gane jabun maganin zazzaɓin cizon sauro, amma kuɗin makaranta a farashin 'yan ƙasa. London yake so, don matarsa ta sami aiki a nan da ƙyar.

Aiki ne mai tsabta, irin wanda nake so. Muka rubuta wasiƙar layi takwas, muka haɗa takardar arewa, muka tura wa London. Wa'adin arewa Juma'a ce bayan mako uku. Na tashi na zagaye Alhamis ɗin da ke gabanta da jan biro na ce, "Musbahu, dubi nan. In ranar nan ta zo London ba su ce komai ba, ka karɓi na arewa, ka gode wa Allah, ka sayi babbar rigar sanyi. Ko ta yaya aka juya kai ka ci. Abu ɗaya ne, kada ka danna komai ban gani ba." Ya ce, "In sha Allahu, Anti."

A mako na biyu ya zo da kawunsa. Alhaji Garba ɗan kasuwar Kwari ne, dillalin atamfa da leshi, ya zo London a yi masa aikin ido. Shi ya riƙe Musbahu tun rasuwar mahaifinsa, shi ya biya masa digiri na biyu. Dattijo ne mai fara'a, ya zauna a kan buhun gari kamar a shagonsa, ido ɗaya a rufe da auduga. Bayan gaisuwa ya ce, "To Hajiya, yaron nan ya yi ta yi mini bayani da Turanci. Ke gaya mini da Hausa, mene ne aikin naki?"

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Ina son in burge baƙo, in nuna masa ni ma 'yar gari ce, sai na ce, "Alhaji, ai ciniki ne, irin naku na Kwari. Shago biyu, muna taya kaya." Idonsa mai lafiya ya yi haske. Ya gyara zama ya ce, "Ashe gida na zo. To sau nawa kuka fita daga shagon?" Na yi dariya na ce a nan ba a fita, ana tsayawa ne a yi tambaya cikin ladabi a jira. Ya ce, "Mai kaya yana ganinki tsaye a bakin ƙofa, me zai sa ya rage?" Na ƙara bayani, na kawo zancen kwamiti da layin masu jira. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "To." Na san irin wannan to ɗin, ubana ma yana yin ta. Amma ga wasu mutum biyu suna jira a cikin shago, na bar zancen a nan. Da suka fita Baba Issaka ya leƙo ya ce, "Hajiya, wannan tsoho bai yarda da magana naka ba." Na ce ya je ya ji da doyarsa.

Laraba ta zo, saura kwana biyu wa'adin arewa ya cika, London shiru. Na kira Musbahu da hantsi na tuna masa gobe ce ranar jan biro. Ya ce to. Alhamis na kira, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Na tura saƙo, na ga ya karanta, bai amsa ba. Juma'a na kira sau shida kafin sha biyu. Na ce wa kaina wataƙila aiki ne ya riƙe shi, ya riga ya karɓa, kunya ce ta hana shi gaya mini ya haƙura da London.

Litinin da safe suka shigo shi da Alhaji. Musbahu ya ajiye takarda ɗaya a kan teburina, ya buga ta a firinta kamar yadda na koya masa. Layi biyu ne daga jami'ar London, irin wanda kwamfuta ke turawa da kanta. Sun gode da ya sanar da su, suna yi masa fatan alheri a duk inda ya nufa. Na ce, "Me ka sanar da su?" Kansa a ƙasa ya ce, "Na yi decline, Anti, na ce musu na janye. Ranar Laraba da la'asar." Na ce na arewa fa? Ya ce, "Ban yi accept ba."

Alhaji ne ya karɓi bayanin, hankalinsa kwance. Ya ce shirun da suka yi alama ce ta mai kayan da ya ga kana so. Maganinsa ka juya baya ka kama hanya, kafin ka kai bakin layi zai aiko yaro. Na arewa kuma in aka karɓa, na London za su ji labari an sayi kaya a wani shago, ba za su kira ba. Na ce wa'adin fa, Alhaji? Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, shekara arba'in ina gaya wa mutane gobe kayan nan za su ƙare." Shi ya hana yaron ɗaukar wayata, ya ce ina da kirki amma zaman Turai ya sa mini tsoro, kuma kada layin ya zama a cike lokacin da Turawan za su kira. Kwana biyar Musbahu yana yawo da waya a hannu, har banɗaki. Yanzu sun zo ne in ɗan taɓa su, a ji ko sun yi laushi.

Na ɗauki waya a gabansu na kira sakatariyar sashen, wadda na sani tun zamanin Maureen. Ta gane sunan tun kafin in gama faɗa. Ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai. Kwamiti ya zauna ranar Laraba da safe, farfesar ta tsaya masa tsayin daka, an amince a yafe masa ragowar kuɗin gaba ɗaya, shi kaɗai aka yi wa haka a sashen a shekarar. Takardar tana kan tebur tana jiran sa hannun shugaba ranar Alhamis. Da suka shigo da safe sai suka tarar ya janye. Gurbin ya wuce ga ta gaba a layi, ita kuma ko awa ɗaya ba ta yi ba ta karɓa. Na tambaya ko akwai wata hanya, ko da ta bayan gida ce. Ta ce an riga an ba wata, ba a ƙwacewa. Na kira arewa, suka ce tun Juma'a da rana aka miƙa wa wani.

Na ajiye wayar na faɗa musu yadda aka faɗa mini, ban rage komai ba. Alhaji ya ce, "To ai shi ke nan, tunda sun sallama, a ce musu mun dawo." Na ce, "Alhaji, babu shagon. An sayar, an rufe." Ya dubi Musbahu, Musbahu yana duban kalanda, wurin da'irar nan ta jan biro. Yaron bai ce wa kawunsa uffan ba, ba zai taɓa cewa ba, mutumin da ya riƙe shi tun yana ɗan shekara tara. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, kuma rabin ɓacin ran a kaina yake, don ni na miƙa wa dattijon nan kalmar ciniki da hannuna, na kuma ji to ɗinsa na ƙyale.

Wata uku muka yi muna buga kowace ƙofa. Farfesar ta rubuto masa da kanta, ta ce ya sake nema baɗi, sai dai ba ta san ko za a sami kuɗin ba. Ba a samu ba. Bizar ta ƙare, suka sayar da gadon jaririyar da tukunyar shinkafa, suka tafi. Yanzu yana da kemis a Kano, yana rufa wa kansa asiri, yana sayar da maganin zazzaɓin da ya so ya shekara huɗu yana bincike a kai. Duk Sallah sai ya kira ya gaishe ni, ya tambayi Baba Issaka. Da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar ban sake kiran aikin nan ciniki ba, ko da wasa. In ɗalibi ya zo mini, kafin in taɓa rula sai na tambaye shi wa ke ba shi shawara a gida, kuma me mutumin yake sayarwa. Ku da kuke cewa minti biyar ne, ban ƙi ba, Musbahu ma bai kai minti biyar ba. Maɓalli ɗaya ne, launinsa toka-toka, yana gefen na amincewa.

Bara na je Kano bikin 'yar ƙanwata, aka ɗora mini sayen leshin anko. Musbahu ya ce ba inda za ni sai shagon kawu. Alhaji Garba ya tsufa, idon dai ya warke. Ya sa aka kawo mini lemo, aka baje kaya, na zaɓa. Ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka. Na ƙara kaɗan, ya ce albarka. Wallahi ban shirya ba, ƙafata ce ta tuna abin da ta saba tun ina budurwa. Na saɓa jakata na ce a bar shi, na juya na nufi ƙofa. Taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu na ji muryarsa a bayana.

"Hajiya, dawo."

Na juyo. Hannunsa yana sama bai sauke ba, bakinsa a ɗan buɗe, kamar maganar ce ta fita ba da izininsa ba. Muka dubi juna. Musbahu yana bakin ƙofa ya ba mu baya, yana kallon masu turin kaya. Alhaji ya sauke hannun a hankali, ya jawo leshin ya fara naɗewa da kansa, bai bar yaran shago sun taɓa ba. Sai da ya gama ya saka a leda, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Ni ban taɓa barin mutum ya kai bakin layi ba, Hajiya. Na zaci ko'ina haka ake yi."